Shekara guda da tukunyar gas a but ɗin motata

Ƙanena da ke jan Keke Napep a Funtua ya kira ni sau uku cikin wata ɗaya a kan magana guda. "Yaya, gas ɗin nan da ka sa wa motarka, riba ce ko wahala?" Kullum amsata ita ce duka biyun, shi kuma gani yake rowar bayani nake masa. A ofis ma haka, duk wanda ya ga na buɗe but sai ya leƙo ya hau tambaya. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na gani tun daga Nuwamban 2024 da aka juya motar ta koma shan CNG, wato iskar gas da ake matsawa cikin tukunyar ƙarfe, da garejin da ya yi aikin, da gidajen gas ɗin da nake sha. Ba zan kama sunan kowa ba, don ba talla aka ba ni ba, kuma ba rigima nake nema ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne. A Suleja nake zaune, kamar dubban 'yan'uwana da kuɗin hayar Abuja ya koro, ofis kuma yana tsakiyar birni. Motata Corolla ce ƙirar 2006, ta hannu na saye ta. Kullum sai na bi ta Madalla, in wuce gindin Dutsen Zuma, Zuba, Dei-Dei, Kubwa, har cikin gari. Zuwa da dawowa kusan kilomita 100 ne, kuma in aka haɗa da gosulon yamma, motar kan sha lita goma a rana. Lokacin da lita take naira 195, dubu biyu ta ishe ni har da canji. Ban ma cika sa shi a lissafin wata ba.

Ranar 29 ga Mayun 2023 ina gida ina kallon rantsuwa a talabijin, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a dandalin Eagle Square cewa tallafin mai ya tafi. Kafin magariba gidajen man unguwarmu sun ja ƙofa, 'yan bumburutu sun fito da jarkoki. Bayan kwana biyu NNPC ta sa lita 537 a Abuja. A watan Yuli ta koma 617. Muna cewa an kai ƙarshe, Satumban 2024 ta zama 897, Oktoba kuma 1,030. Lita goma sau kwana 22 na aiki, ya kama dubu 226 da 'yan kai. Ko da aka haɗa da ƙarin dubu 35 na wucin gadi da aka ba ma'aikatan tarayya, in na zuba wannan mai ba abin da zai rage na cefane. Wasu jihohi kamar Kwara da Edo har rage ranakun zuwa ofis suka yi zuwa uku a mako a 2023, mu kuwa ba mu samu wannan ba.

Da farko na jingine motar na koma bin bas. Daga baya na yi abin da rabin ma'aikatan Suleja ke yi, na shiga kabu-kabu. Ni da babbar rigata ta zuwa ofis, ina zuro kai ta taga a Madalla ina cewa, "Berger, saura mutum ɗaya." Ranar farko na ji kunya. Ranar ta uku wani darakta na gani a gabana yana yin irin nawa.

Gwamnati ta kafa shirin CNG na fadar shugaban ƙasa a Agustan 2023, da burin juya motoci miliyan ɗaya kafin 2027, aka kuma ce masu motocin haya za a yi musu kyauta ta hannun ƙungiyoyin direbobi. Na je na tambaya, aka ce sai mai katin yuniyan, kuma su ma masu katin jerin sunayensu ya yi tsawo. Ni ga shi ba direban tasha ba, ba kuma mai halin biya a take ba. Kayan juyin daga waje ake shigo da su, kuma a watan Yunin 2023 ɗin da muke kukan mai aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wato matakin da ya tura ni neman gas, ɗan'uwansa ne ya ninka mini kuɗin tukunyar.

Gareji uku na zaga. Na farko ya ce dubu 800, gobe in zo in ɗauka. Na ce ya nuna mini tukunyar. Ya jawo wata da aka fesa wa sabon fenti, har ƙamshinsa bai gama fita ba, na duba wuyanta babu lamba ko ɗaya da aka buga a jikin ƙarfen. Na ce zan dawo. Makonni kaɗan kafin nan, a Oktoban 2024, wata mota ta tarwatse a gidan gas a Benin ana tsakiyar cika ta, aka gano tukunyar haɗin walda ce ta gida. Araha ba ta ado. Na biyu mutumin kirki ne amma ba shi da kaya, kwantenarsa tana tashar ruwa. Na uku ya ce miliyan ɗaya da dubu 150, bai rage ko sisi ba. Shi na bai wa aikin. Dubu 700 na ranto daga asusun taimakon juna na ofis, uwargida ta ba ni kwasar adashenta, sauran na sayar da raguna biyu da nake kiwo don Sallah.

Adashen nan bai fito da sauƙi ba. Ta ga hoton motar Benin a waya. "Malam, bam za ka ɗaura mana a bayan kujerar yara?" Sai da na tafi da ita garejin. A nan injiniyan ya burge ni, don bai yi mata dariya ba. Ya sa yara biyu suka mirgino tukunyar, ya ce, "Hajiya, gwada ɗagawa." Ko motsi ba ta yi ba, ta haura kilo 60. Ya haska wuyanta da fitilar waya ya karanta mata abin da aka buga: shekarar ƙira, lambar tukunya, girman cikinta lita 65, ƙarfin matsin aiki 200, da matsin da aka gwada ta a kai, 300. Ya nuna mata jikin babu ɗinkin walda ko ɗaya. Ya ce wannan ba gas ɗin girki ba ne; na girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya yana jiran ashana, wannan kuwa ya fi iska sauƙi, sama yake tashi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah ya tsare." Na san an ba ni izini ke nan.

Aikin kansa sun iya. Tukunyar an ɗaure ta da maɗaurin ƙarfe biyu a jikin but, bayan kujera. Daga nan siririn bututun ƙarfe ya bi ƙarƙashin mota zuwa inji, nesa da salansa. A cikin inji akwai na'urar da ke sauke ƙarfin gas ɗin daga 200 zuwa ɗan abin da inji zai iya sha, kuma ruwan lagireto ne ke ɗumama ta don kada ta daskare. Sai nozul huɗu, da ƙaramar kwamfutar da ke ba su umarni, da wani maɓalli kamar kwalin ashana kusa da sitiyari mai 'yan fitilu huɗu masu nuna sauran gas. Da suka gama na ga yaron ya kaɗa ruwan sabulu ya bi duk wata mahaɗa yana shafawa yana duba kumfa. An ba ni rasit da takardar tukunyar. Wannan takardar a ajiye ta da kyau, akwai gidajen gas da ba sa cika wa mota sai sun gan ta.

Inda suka gaza shi ne bayan kuɗi ya shiga hannu. An ce kwana ɗaya, motar ta kwana uku. Mako guda da ɗaukowa fitilar inji ta kama, motar tana shessheƙa in na tsaya a danja. Na kira lambar da aka ba ni sau bakwai, ba a ɗaga ba. Sai da na kashe Asabar guda na je da kaina, aka jona kwamfuta aka sake saiti, aka kuma ce in canza filogi, abin da ya kamata a gaya mini tun ranar farko. Na sake komawa karo na biyu kafin ta daidaita. Ramukan da suka huda a ƙasan but ba su toshe su da kyau ba, ƙurar hunturu ta riƙa shiga, da damina ta zo na tarar da ruwa kwance a ramin safaya. Bayan motar kuma ya zauna saboda nauyi. In na ɗauki mutum uku a baya, duk tudun rage gudu sai ta gurza ciki. Bakanikena na Suleja ne ya canza mini sifirin na baya, dubu 60 da ba ta cikin lissafi. In maki zan ba garejin, aikin hannu takwas cikin goma, kula da mai kaya bayan ciniki uku, shi ma don injiniyan ya kyautata wa iyalina.

A tuƙi ba wani bambanci mai yawa. Da fetur take tashi, in ruwan inji ya ɗauki ɗumi sai ka ji ƙas, ta koma gas da kanta. Da sanyin Disamba takan kai ni Madalla kafin ta juya. Ƙarfinta ya ɗan ragu. A hawan da ke wajen Katampe, da fasinja huɗu da AC a kunne, sai na sauko da giya, in kuwa zan wuce tirela nakan danna maɓallin in koma fetur na minti ɗaya. Dole kuma a bar fetur ko kwatan tanki ne a ciki, don famfon mai kan ƙone in ya yi ta juyawa a bushe. Baƙin mai yana daɗewa bai yi duhu ba, wannan na lura da shi.

Ranar da na fara cika tukunyar ba zan manta ba. Ma'aikacin ya ce kowa ya fita daga mota, a kashe inji, a buɗe bonet da but. Ya ɗaura tiyo, ya murɗa, sai wani huci mai kaifi ya tashi, bututun yana ƙas-ƙas kamar kwanon rufi da tsakar rana. Ina kallon allurar tana hawa: 100, 150, 190. Na ja da baya taku uku ba tare da na sani ba, wani direban tasi ya yi mini dariya. Na'urar ƙidaya ta tsaya a kubik mita 13 da ɗoriya, wato ma'aunin da ake sayar da gas ɗin da shi, kowace mita naira 230. Na miƙa dubu uku da ɗari ɗaya, aka ba ni canji. Wannan cikon ya kai ni kilomita 140. Da fetur ne, tafiyar ta haura dubu 14. A hanyar gida har waƙa na yi.

Abin da ba a rubuta a takardar talla ba shi ne layi. Tukunya ɗaya kwana ɗaya da rabi take yi mini, don haka kusan kullum sai na nemi gas, kuma babu shi a kan hanyata sai na ratse. Gidajen da ke sayarwa a Abuja 'yan kaɗan ne, ko bayan waɗanda NNPC ta buɗe a Yulin 2024, motocin da ake juyawa kuwa kullum ƙaruwa suke. Akasarin gidajen ba a jikin bututu suke ba. A tirela ake kawo musu gas, cikin dogayen tukwane, daga inda bututu ya tsaya a wajen Ajaokuta, ta hanyar Lokoja. In tirela ta lalace a hanya, ko gosulo ya riƙe ta, to ranar sai haƙuri. In kuma ka zo tirelar ta kusa ƙarewa, matsin ya yi ƙasa, allura za ta tsaya a 150 ta ƙi gaba. Ka yi layin awa uku ka tafi da mita tara.

Na koyi fita ƙarfe huɗu na asuba. Sallar Asuba da yawa a gefen layin nan na yi ta, a kan tabarmar wani mai shayi da ya gane inda kasuwa take ya kafa teburinsa a bakin ƙofar gidan gas ɗin. Muna da zauren WhatsApp na 'yan layi, ba a gaisuwa a cikinsa, saƙo iri biyu ne kawai: "tirela ta iso" da "ya ƙare". Akwai wani dattijo direban tasi, mai koriyar mota irin ta Abuja, da kusan kullum nake tarar da shi a gabana. Wata asubar na ce, "Baba, kai ƙarfe nawa kake zuwa ne?" Ya ce, "Zuwa? Ɗana, ai nan nake kwana." Ya nuna mini filo da bargo a kujerar baya. Ya ce in ya cika da asuba zai yi aiki zuwa azahar, ya dawo layi, ya samu ciko na biyu wajen la'asar in Allah ya sa. Da yana shan fetur yini guda yake yana aiki amma kuɗin na gidan mai ne. Yanzu kuɗin nasa ne amma rabin yinin na layi ne. Ya kurɓi shayi ya ce, "Kowa ya ci zomo ya ci gudu." Ban taɓa jin inda karin maganar nan ta zauna daram kamar a bakinsa ba.

Ma'aikatan gidajen gas ɗin ba duka suka zama ɗaya ba. Akwai gidan da ake raba lamba a takarda, ana bin ta ba sani ba sabo, ana duba takardar tukunya, ba a yarda kowa ya zauna cikin mota. Can nake so ko da ya fi nisa. Akwai kuma wanda ake da layi biyu, na talakawa da na "ƙofar fita", inda mai dubu biyu a dunƙule ke shigowa da baya-baya. Na taɓa yin awa huɗu a can, saura mota biyar a zo kaina aka ɗauke wuta, injin matsa gas ɗin ya tsaya, janareto kuma aka ce ba dizal. Na isa ofis ƙarfe goma sha ɗaya, da fetur, bayan na ƙona lita biyu wajen neman araha. Takardar neman ba'asi ta farko a shekaruna na aiki, a kan gas na same ta.

Sai tafiya gida. A Disamban 2024 na ɗauki iyali muka nufi Funtua. Na cika tukunya dam, muka bi ta Dikko, Tafa, Jere, Katari, ga titin da tun 2018 ake gyaransa, nan a hau wannan hannun, can a koma wancan. Kafin mu shiga Kaduna fitila ta huɗu ta mutu, maɓallin ya yi ƙara, mota ta koma fetur. A Kaduna akwai inda ake samu, amma da na hango layin, ga yara ga rana, na wuce. Daga nan Zariya, Giwa, har Funtua, da kwana biyar ɗin da muka yi, da dawowa, duk fetur ne. Tukunyar nan ta zama fasinja mai kilo 60 da ba ya biyan kuɗin mota. Ranar dawowa Inna ta sa aka fito mini da buhun masara da rabin buhun wake. Na buɗe but, ƙanena ya kalli tukunyar ya kalli buhun. Ba ta yadda zai shiga. Sai da aka raba masarar a ƙananan buhuna uku, ɗaya a but, biyu a ƙarƙashin ƙafar yara. Inna tana tsaye tana kallo ta ce, "Wannan wace irin mota ce da ta cika cikinta ta hana abinci wuri?"

Dalilin rashin gas a can ba ɓoyayye ba ne. Iskar gas ɗin Najeriya, wadda ta haura ƙafa tiriliyan 200, a kudu take, kuma bututu ne hanyarta mai araha. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020 a kan dala biliyan 2.8, kuma an sha sa ranar gamawa ana ɗagawa. Sai a tsakiyar 2025 aka ba da sanarwar ya tsallake Kogin Neja. Tallafi kuwa da jimla ɗaya aka cire shi, kuma a daren ranar ya isa Funtua da Gusau da Maiduguri. Maiduguri ma tana cikin waɗanda suka fi tsada a farashin farko, 557, saboda nisa. Ban ce tallafin ba shi da illa ba. Kowa ya san yadda ake tsallakawa da man zuwa Nijar da Kamaru da Benin, da yadda kuɗin ke zurarewa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai da aka kama hanya aka fara neman wuƙar.

Lissafi yanzu, don shi ƙanena yake jira. A watannin farko ina kashe wajen dubu 50 a gas, da dubu 45 a fetur na tayar da mota da ranakun da gas ya yanke. Dubu 95 ke nan a maimakon 226. Rarar dubu 130 a wata, cikin wata tara zuwa goma kuɗin juyin da na sifirin suka dawo. Na gama biyan asusun ofis, na mayar wa uwargida adashenta, har da turmin atamfa na toshiyar baki. Sai dai a cikin shekarar abubuwa biyu sun motsa. Matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a Satumban 2024 ta shiga gasar farashi, lita ta sauko ƙasa da dubu, ta riƙa yawo tsakanin 860 da 950 a mafi yawan 2025. Gas kuma a Satumban 2025 muka wayi gari an mayar da shi 380 a gidajen da nake sha. Da waɗannan farashin, a ƙarshen 2025 rarata ba ta wuce dubu 70 zuwa 75 ba. Har yanzu kuɗi ne, kuɗin makarantar yaro ne na zango guda. Sai dai wanda zai juya motarsa a kan waɗannan farashin ya sani shekara ɗaya da rabi zai yi kafin ya fanshe, kuma farashin da ya dogara da shi ba a hannunsa yake ba. Naira 230 ɗin can ma ai wani tallafin ne da bai amsa sunansa ba, kuma mun ga yadda ake yi da tallafi.

Akwai abin da zan faɗa a kaina, don in ban faɗa ba rubutun bai cika ba. Hujjar gwamnati ita ce in an juya motocin haya kuɗin mota zai sauka. Kafin cire tallafi Suleja zuwa Berger naira 500 muke biya. Lokacin da na shiga kabu-kabu 1,200 nake karɓa. Bayan na koma gas, nawa nake karɓa? 1,200. Wata mata mai sayar da abinci a wajen sakatariya, da ke yawan shiga motata da kulolinta, ta ji ƙas ɗin nan wata safiya ta ce, "Alhaji, ashe gas kake sha? To ina namu rabon?" Na ce mata bashi nake biya, ga layi, ga kaza ga kaza. Duk gaskiya ne. Amma bashin ya ƙare tun Agustan 2025, ban rage ba. Ita kaɗai nake karɓar dubu ɗaya a hannunta, shi ma don ta kama ni. In ni da nake da albashi haka na yi, ban ga dalilin da zai sa a zaci Baba mai kwana a layi zai yi wani abu daban ba. Kuma ko na rage, 'yan kamashon bakin titi ba za su bar ni in ɓata musu farashi ba.

Kan batun tsoro kuwa, har yau akwai fasinjan da in ya ji gas ne sai ya ce a sauke shi. Ba na musu da kowa. Amma ranar 18 ga Janairun 2025, a mahaɗar Dikko, 'yan mintuna daga gidana, tankar fetur ta faɗi, mutane suka taru da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi ta ci sama da mutum 80. Wata uku kafin nan irin haka ta faru a Majiya ta Jigawa, inda aka rasa fiye da 150. Na bi ta Dikko kwana biyu bayan abin, ƙasar wurin baƙa ƙirin, ga takalman roba a narke. Allah ya jiƙansu. Lokacin da lita take 195 ma ana kwasar man tanka, amma jarka ɗaya a lokacin ba ta kai kuɗin abincin mako biyu ba. Tun ranar, in fasinja ya ce mini tukunyata bam ce, sai in tsaya in sauke shi kawai.

Ga wanda ke Abuja ko kewayenta, yana cin kilomita 80 zuwa sama a rana, kuma yana iya tashi ƙarfe huɗu, ina ganin ya juya, amma ya karanta wuyan tukunya da idonsa, ya sa a rubuta masa garanti a takarda, ya kuma ware kuɗin filogi da sifirin tun farko. Wanda motarsa daga gida sai masallaci sai kasuwa, ya bar kuɗinsa a aljihu. Mai manyan kaya a but ya auna wurin da tef kafin ya biya.

Ƙanena kuwa jiya na kira shi da kaina. Na ce ya tambayi kansa abu ɗaya: daga tashar da yake lodi, ina ne gidan gas mafi kusa? Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce, "Yaya, ai kafin in je in dawo, tukunyar Keken ta ƙare a hanya." Na ce to ya ci gaba da tara kuɗinsa, ya sayi ɗan maraƙi ya ɗaure, in bututu ya iso mu sake magana. Ya ce yaushe ke nan? Kafin in ba shi amsa saƙo ya shigo a zauren 'yan layi cewa tirela ta iso, na ce masa zan kira shi anjima, na ɗauki makulli.